Tambaya da Amsa: Digirin Shekara Biyu a Fannin MIS, Tsani Ne ko Masauki?

Biyu daga cikin wasiƙun da suka shigo wannan fili a wannan wata sun haɗu a kan batu ɗaya, wato karatun fannin da ake kira MIS a matakin digirin shekara biyu irin na Amurka. Na ga ya dace in amsa su tare, in fara da wadda ta fi buƙatar dogon bayani.

TAMBAYA TA FARKO

Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari da ke Kano, ina sayar da atamfa da shadda. Ɗana na biyu yana zaune a wurin ƙanena a unguwar Bronx ta birnin New York shekara huɗu ke nan, yana da takardar zama ta dindindin, kuma bana ya gama sakandare a can. Ya bugo mini waya ya ce zai shiga wata kwaleji da ke ƙarƙashin jami'ar birnin, ya yi digiri na shekara biyu a wani fanni wai shi MIS. Ni dai a sanina digiri ba ya kasa shekara huɗu. Ina so Malam ya faɗa mini mene ne wannan fanni, shin digirin shekara biyu digiri ne na gaskiya, kuma idan yaron ya dawo gida takardar za ta yi masa amfani?

Daga wani mahaifi a Kano.

AMSA

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara wa kasuwa albarka, ya shirya mana zuri'a baki ɗaya.

Zan fara da fannin kansa, kuma ba sai mun je nesa ba, domin shagonka ya ishe mu misali. Kana da littafin da ake rubuta diloli nawa suka shigo sito, da littafin bashi na 'yan sarin da ke ɗaukar kaya su biya daga baya, da kuma rasit ɗin da yaran shago ke yankewa kullum. Idan na tambaye ka wane zanen atamfa ne ya yi kwantai tun kafin azumi, ko wane abokin ciniki ne ya saba wuce wa'adin biya, ko turmi nawa ya kamata ka yi oda kafin babbar salla, amsar tana nan a cikin littattafan, amma sai an zauna an yi ta buɗe shafuka, wani lokaci ma sai an dogara da abin da babban yaronka ya riƙe a ka. Mai karatun MIS yana koyon yadda zai tattara irin waɗannan bayanai da ke warwatse, ya tsara su a cikin kwamfuta ta yadda mai dukiya ko shugaban ma'aikata zai sami amsar tambayarsa cikin minti ɗaya, ya yanke shawara a kan hujja maimakon zato. Cikakken sunan fannin a Turance ma, wato Management Information Systems, abin da yake nufi ke nan, tsarin bayanai domin gudanar da harka. Abin da ake yi wa shago shi ake yi wa banki, da asibiti, da kamfanin jiragen sama, sai dai girman bayanan ya bambanta.

Saboda haka kada Alhaji ya ɗauka gyaran kwamfuta yaron zai koya, kuma ba daidai yake da kimiyyar kwamfuta ba. Masu kimiyyar kwamfuta sun fi zurfafawa a lissafi da ƙera manhaja daga tushe, shi kuwa ɗan MIS ƙafarsa ɗaya tana cikin kasuwanci, ɗayar tana cikin fasaha, shi ya sa a yawancin jami'o'in Amurka sashen yake a tsangayar kasuwanci. Fannin ya kafu a matsayin ilimi mai zaman kansa a Jami'ar Minnesota a shekarar 1968, inda Farfesa Gordon Davis da abokan aikinsa suka buɗe masa cibiyar bincike, sannan Jami'ar Arizona ta kafa sashensa a 1974. A cikin shekara biyun farko ɗalibi yakan yi darussan akanta, da tattalin arziki, da ƙididdiga, da rubutun Turanci, tare da darussan fasaha irin su sarrafa manhajar jadawali da lissafi ta Excel, da rubuta manhaja a mataki na farko, da yadda kwamfutoci ke haɗuwa da juna su yi musayar saƙo. Darasin da na fi ba muhimmanci shi ne na rumbun adana bayanai da harshen da ake yi masa tambaya da shi, wanda ake kira SQL. Asalin wannan dabara wani masani ne a kamfanin IBM mai suna Edgar Codd ya fito da ita a 1970, kuma a sauƙaƙe ita ce a ware jadawalin abokan ciniki daban, na kaya daban, na ciniki daban, sannan a ɗaure su da lambobi, domin kada a rubuta sunan mutum ɗaya sau ɗari a wurare ɗari, a yi kuskure a goma daga ciki. Yaron da ya fahimci wannan da kyau ya riƙe rabin sana'ar. Wani abin lura kuma shi ne makarantu ba su haɗu a kan suna ɗaya ba, wasu na cewa MIS, wasu CIS, wato tsarin bayanai na kwamfuta, wasu IS kawai, wato tsarin bayanai, kuma a kwalejojin birnin New York sunan CIS ne ya fi yawa, don haka a duba jerin darussan, kada a tsaya ga sunan.

Sai tambayarka ta biyu. Digirin shekara biyu, wanda Amurkawa ke kira asoshiyet, takarda ce ta gaskiya mai tsohon tarihi a ƙasarsu, ba dabarar 'yan damfara ba ce. Tun a ƙarshen ƙarni na 19 shugaban Jami'ar Chicago, William Rainey Harper, ya raba karatun digiri gida biyu, shekara biyun farko da shekara biyun ƙarshe, kuma daga wannan tunani aka kafa kwalejin Joliet a jihar Illinois a 1901, wadda ita ce mafi tsufa a cikin kwalejojin gwamnati na shekara biyu. Ana auna karatu a can da abin da ake kira kiredit, darasi ɗaya yakan ɗauki uku a mafi yawan lokuta. Digirin shekara biyu kiredit 60 ne ko sama da haka kaɗan, cikakken digiri kuwa kimanin 120. Ka ga ke nan rabin hanya ne, kuma sanin da Alhaji ya yi cewa digiri shekara huɗu ne bai yi kuskure ba. Jami'ar birnin da yaron ya ambata, wadda ake kira CUNY, ta ƙunshi kwalejoji masu ba da digirin shekara biyu, biyu daga cikinsu ma a Bronx ɗin suke, ta kuma ƙunshi manyan kwalejoji masu ba da cikakken digiri, kamar Baruch da ta yi suna a fannin kasuwanci kuma take koyar da tsarin bayanai.

A nan ne nake so Alhaji ya kasa kunne sosai, domin a nan yara da yawa ke yin asarar shekara da kuɗi ba tare da sun sani ba. Digirin shekara biyun ba iri ɗaya ba ne. Akwai masu laƙabin AA da AS, waɗanda aka tsara domin ɗalibi ya gama ya wuce babbar kwaleji ya shiga aji uku kai tsaye. Akwai kuma mai laƙabin AAS, wanda aka tsara domin ɗalibi ya gama ya kama aiki, shi ya sa aka cika shi da darussan koyon sana'a, aka rage darussan share fage da manyan kwalejoji ke nema. Darussan kwamfuta da tsarin bayanai a kwalejojin shekara biyu sau da yawa a ƙarƙashin AAS suke. Abin da ke faruwa shi ne yaro ya gama da kiredit 60, ya je neman ci gaba, a ce masa an karɓi wasu a matsayin cike gurbi kawai, amma ba za su shiga lissafin fannin da yake so ba, sai ya koma ya yi akanta ko lissafi ko ƙididdigar da bai yi ba, karatun shekara huɗu ya zama na shekara biyar. CUNY ta rage wannan matsala tun 2013 da wani tsari mai suna Pathways, wanda ya sa darussan bai ɗaya na kiredit 30 suke bin ɗalibi duk kwalejin da ya koma a cikin jami'ar, amma tsarin bai ɗauke wa ɗalibi darussan share fage na tsangayar kasuwanci ba. Shawarata ita ce kafin yaron ya yi rajistar darasi ko ɗaya, ƙanenka ya raka shi ofishin mai ba ɗalibai shawara, su tambayi laƙabin digirin, su tambayi ko akwai rubutacciyar yarjejeniya tsakanin wannan shiri da babbar kwalejin da yake son ƙarasawa, su kuma karɓi jerin darussan da za a ƙirga masa a rubuce. Ɗan kasuwa ba ya cinikin biri a sama, kuma karatun ɗa bai kamata ya fi dilar shadda sauƙin saye ba.

Dalilin da ya sa mutane ke bin wannan hanya shi ne kuɗi, kuma dalili ne mai ƙarfi. A shekarun baya-bayan nan kuɗin makaranta a kwalejojin shekara biyu na CUNY ga mazaunin birnin dala 4,800 ne a shekara, abin da bai kai ko kusa da na jami'o'i masu zaman kansu ba. Tunda yaronka yana da takardar zama ta dindindin, yana da damar cike fom ɗin neman tallafin gwamnatin tarayya da ake kira FAFSA, wanda ta cikinsa ake samun tallafin Pell ga masu ƙaramin ƙarfi, kuma jihar New York tana da nata tallafin mai suna TAP. Waɗannan kyauta ne, ba a biyan su. Sai dai a cikin takardar da makaranta ke aikowa akan jera tallafi da rance wuri ɗaya, rancen kuwa yana da kuɗin ruwa, abin da na san zai dami Alhaji kamar yadda yake damuna, don haka a karanta takardar layi-layi, a karɓi kyauta a bar rance, tunda ba dole ba ne a karɓe shi. Tallafin Pell kuma yana da iyaka, bai wuce daidai da zangon karatu 12 na cikakken ɗalibi ba a tsawon rayuwa, wanda ke nufin duk darasin da aka yi aka ƙi ƙirgawa ya ci wani kaso na tallafin a banza.

Tambayarka ta uku ita ce ta dawowa gida, kuma a nan ba zan ɓoye wa Alhaji komai ba. Tsarin karatun Najeriya ba shi da matakin da ake kira asoshiyet. Abin da ya fi kusa da shi a tsawon lokaci da matsayi shi ne ƙaramar difloma ta ND da kwalejojin kimiyya da fasaha ke bayarwa, a Nijar kuwa takardun BTS da DUT na shekara biyu bayan bakaloriya. Hukumar NYSC cikakken digiri ko babbar difloma ta HND take nema kafin ta tura mutum hidimar ƙasa, kuma ma'aikatun gwamnati da manyan kamfanoni suna tambayar takardar hidimar ƙasa kafin su ɗauki mutum a matsayin mai digiri. Duk takardar da aka samo daga waje kuma sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja ta tantance ta ta faɗi matsayinta. Idan yaron ya tsaya a shekara biyu ya dawo, kalmar digiri da ke jikin takardarsa ba za ta sa a zaunar da shi a sahun masu digiri ba. A can Amurka ma aikin da takardar ke buɗewa na matakin farko ne, kamar taimaka wa ma'aikata idan kwamfuta ko manhaja ta ba su matsala, ko kula da shigar da bayanai da fitar da rahoto, yayin da muƙamin mai nazarin tsarin aiki ko manajan sashen bayanai yawanci cikakken digiri ake nema. Ra'ayina shi ne Alhaji ya sa wa yaron albarka ya shiga, domin hanya ce mai kyau kuma mai sauƙin kuɗi, amma da sharaɗin cewa tun daga ranar farko niyyarsa shekara huɗu ce, ya zaɓi darussansa da wannan niyya. Idan ya zo hutu kuma, a miƙa masa littafin bashi da na sito a ce ya mayar da su cikin kwamfuta, a nan za ka gane ko karatun yana shiga.

TAMBAYA TA BIYU

Malam, barka da aiki. Ina da ND a kimiyyar kwamfuta, ina aiki a wani kantin magani a Kaduna, ni ke rubuta shiga da fitar kaya. Na ga talla a Facebook cewa wata jami'a ta Amurka tana ba da asoshiyet digiri a MIS ta intanet, kuma wani da ya ce shi wakilinsu ne ya nemi in biya kuɗin rajista da dala ta hannunsa. Ya ce daga baya ma za a iya nema mini biza in ƙarasa a can. In yi, ko in haƙura?

Daga wata ɗaliba a Kaduna.

AMSA

'Yata, Allah ya yi miki albarka da kika tambaya kafin ki biya. Abu na farko, matakin da ake tallata miki kin riga kin taka shi. Kamar yadda na faɗa wa Alhaji a sama, ND ɗinki da digirin shekara biyu tsararrakin juna ne, don haka idan kika kashe dala da shekara biyu a kansa, za ki wayi gari da takardu biyu a mataki ɗaya, ba ki hau ko taki ɗaya ba. Abin da ke gabanki shi ne HND bayan kin cika shekarar koyon aiki, ko kuma neman shiga jami'a aji biyu kai tsaye ta hanyar JAMB idan sakamakonki ya kai abin da jami'ar ke nema. Fannin yana nan a gida, Jami'ar Amurka ta Najeriya da ke Yola tana koyar da tsarin bayanai, Jami'ar Covenant da ke Ota tana da digiri mai sunan MIS, sannan jami'o'in gwamnati da dama suna da fasahar bayanai ko kimiyyar kwamfuta, waɗanda za ki iya haɗawa da ilimin kasuwanci. Idan barin aiki ne ba zai yiwu ba, akwai jami'ar karatu daga gida ta NOUN, sai dai ki bincika matsayin ɗalibanta game da hidimar ƙasa kafin ki yanke shawara.

Abu na biyu shi ne wakilin. Makarantar kirki a Amurka tana karɓar takardun nema da kuɗi ta shafinta na intanet, ba ta asusun wani mutum ba, kuma kowa na iya duba ko an tantance ta, domin Ma'aikatar Ilimi ta Amurka da wata majalisa mai suna CHEA suna wallafa sunayen makarantun da hukumomin da aka amince da su suka tantance. Ki rubuta sunan makarantar a can da hannunki. Idan babu shi, magana ta ƙare. Idan kuma akwai shi, ki rubuta wa makarantar kai tsaye ki tambaye ta ko ta san wannan mutum. Ki tuna cewa a watan Janairun 2024 gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya nuna yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin makonni shida, kuma tun daga lokacin ake ƙara sa ido a kan duk takardar da ta fito daga waje. NYSC ma takan nemi wanda ya yi karatu a waje ya nuna fasfo mai ɗauke da shaidar shigarsa ƙasar da ya yi karatun da fitowarsa, abin da mai karatu ta intanet daga Kaduna ba zai iya nunawa ba.

Batun biza kuwa, babu wakilin da ke ba da ita, ofishin jakadanci ne kaɗai ke da wannan iko. Matsayinki kuma ba ɗaya yake da na ɗan Alhaji ba. Mai zuwa da bizar karatu ta F-1 sai makaranta ta ba shi takardar I-20, wato shaidar cewa ta karɓe shi, bayan ya nuna kuɗin da zai riƙe shi aƙalla shekara guda, ya biya dala 350 na rajistar ɗalibai baƙi da ake kira SEVIS ban da kuɗin neman bizar, ya biya kuɗin makaranta na baƙi wanda ya fi na mazauna, ba shi da rabo a tallafin Pell, kuma aikin da aka yarda ya yi a lokacin karatu bai wuce awa 20 a mako a cikin harabar makaranta ba. Bayan kammalawa akan ba shi izinin aiki na wata 12, amma ƙarin wata 24 da ake yi wa masu fannonin kimiyya da fasaha sai mai cikakken digiri ko sama da haka. Ga shi kuma a shekarar 2025 gwamnatin Amurka ta tsaurara ba 'yan Najeriya biza.

Akwai abin da kike da shi wanda ɗalibai da yawa a ajin MIS ba su da shi, wato harka ta gaskiya a hannunki. Kantin magani yana cike da bayanan da ke neman tsari: ranar da kowane magani zai lalace, lambar rukunin da ya zo a ciki, wanda ke ƙarewa da wuri lokacin damina idan zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa, da wanda ke kwana a kan kanta wata da watanni. Ki nemi izinin mai kantin, ki fara da Excel ki tsara jadawalin da zai nuna duk maganin da saura wata uku ya lalace, daga nan ki koyi SQL, wanda ake samun darussansa kyauta a intanet, ki mayar da jadawalin ƙaramin rumbun bayanai mai ware magunguna da masu kawo kaya da ciniki. Kuɗin da kika tanada domin wakilin ki riƙe shi, ki sayi fom ɗin JAMB na masu shiga aji biyu idan an buɗe, ki kuma nemi takardar sakamakonki daga kwalejin da kika gama tun yanzu, domin fitar da ita takan ɗauki lokaci.